Madubin Bindigar Surukina

Tun da na dawo daga Amurka ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ba. Wannan ya tambayi sanyi, wancan ya tambayi abinci, wani kuma so yake ya ji ko da gaske ne mutum zai shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Masu ido sukan tsaya a kan ɗan tabon da ke girata ta dama, in ce musu ƙofar mota ce ta buge ni. To, ba ƙofar mota ba ce. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, ƙaryar kuma ta fara yi mini nauyi, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, shekara talatin da ɗaya na yi a aikin safiyo a Gusau kafin in yi ritaya. Aikina shi ne leƙa madubin awon ƙasa, wancan mai ƙafa uku da kuke gani an kafa a bakin hanya ko a tsakiyar gona. Bindiga kuwa ban taɓa riƙe ta ba, ko ta toka.

'Yata Bilkisu nas ce a wani asibiti a garin Greensboro. Mijinta Mansur aikin kwamfuta yake yi, suna da 'yan mata biyu, Hanan da ƙanwarta. Bilkisu ce ta yi ta fafutuka har aka ba ni biza in je in yi musu mako shida. Ana saura kwana biyu in tashi ta kira ni, bayan gaisuwa ta ce akwai maganar da take so in yi da Abban Hanan idan na zo. Ya sayi bindiga. Ba ta son ta a gidan, ta yi magana har ta gaji, amma ni zai ji nauyina. Na gyara murya na ce ta bar mini wannan, ƙaramin abu ne. Har na ajiye waya ina jin kaina wani babban alƙali.

Daga Gusau muka ɗauki hanyar Abuja. Direba ya ƙi tashi sai da rana ta fito sosai, kuma ba wanda ya yi masa gardama, don duk mun san dalili. Har muka wuce Funtuwa ba a yi wata hira a motar ba, kowa na jan carbi yana kallon daji. Sai da muka shiga Zariya wata mata ta buɗe kwanon dambu ta ce bisimilla.

Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa, in ban da cewa ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A Atlanta aka duba mu. Jami'in ya tambaye ni ko na shiga gona a kwanakin nan. Ni kuwa da aka ambaci gona sai na ɗauko masa bayani tun daga wadda na gada har zuwa wadda muka daina nomawa. Ya ɗaga hannu ya ce "e" ko "a'a" kawai yake so. Aka tura ni wani layi, aka juye jakata, aka shinshina kuka da daddawa, aka bar mini su, aka goge mini ƙasan takalmi da magani.

Daga nan sai ƙaramin jirgi zuwa Greensboro. Na ga allo an rubuta "Green" da wasu haruffa, na je na zauna, har na yi abokin hira. Sai da aka fara shiga wata yarinya mai duba tikiti ta ce mini wannan na Greenville ne, wani gari daban a wata jiha daban, nawa yana can ƙarshen ginin kuma sun kusa rufe ƙofa. Mutumin da ya shekara talatin yana karanta taswira, shi ne ya yi gudu da babbar riga da kumburarriyar ƙafa, hula a hannu. Ni ne na ƙarshe da ya shiga.

Gidansu na katako ne, sama da ƙasa. Duk inda ka taka sai ya yi ƙara, in ka tashi alwalar asuba kowa ya san ka tashi. Amma abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. A gida suruki sai dai ya durƙusa daga nesa ya gaishe ka ya wuce. A can kuwa tebur ɗaya muke cin abinci da Mansur, ina ganin lomarsa yana ganin tawa, in an gama ya kwashe kwanuka ya wanke ina zaune. Kwana uku na farko ban ƙoshi ba saboda kunya. Jikokina kuma in na yi musu Hausa sai su amsa da Turanci, ƙaramar ma cewa ta yi in riƙa magana a hankali.

Ran nan Bilkisu ta kai ni cefane Gate City Boulevard, doguwar hanya ce mai shaguna da wuraren sayar da motoci. Muka shiga shagon wani mutumin Maraɗi, na tarar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa jere a kanta, irin waɗanda na sha wahalar tsallakowa da su. Mai shagon ya yi ta dariya, ya ce ai kowane baƙo haka yake yi, ya ba ni kujera da shayi. Shi ne shayin kirki na farko da na sha, don mutanen garin nasu da ƙanƙara suke sha, ga sukari kamar za a yi alewa. Akwai kuma wani abin karin kumallo da suke ji da shi, tsakin masara ne da man shanu, bai kai tuwo ba ya wuce kunu. Na ci don kada a ce ban ci ba.

Kullum da safe in mun haɗu a kicin Bilkisu takan dube ni, ni kuma in ce mata ina neman lokacin da ya dace. Lokacin ya zo ranar Juma'a ta biyu. Mun dawo daga masallaci, Mansur ya shigar da mota gareji, maimakon mu shiga gida sai ya ce yana so ya nuna mini wani abu. Ya hau kujera ya sauko da dogon kwali daga saman kanta. Na ce a raina yau za a yi ta, har na shirya jimlar farko.

Bindigar ba irin ta sojoji ba ce. Doguwa ce, baƙa, mai kaurin baki, a gefenta akwai wani ƙarfe mai ƙulli kamar sakatar ƙofa. Ya nuna mini yadda ake ɗaga sakatar a ja baya, a sa harsashi ɗaya, a tura a rufe. In an harba sai an sake ja da hannu. Ya ce ba ta faɗa ba ce, ta auna takarda ce daga nesa, kuma ko sau ɗaya bai harba ta ba, don tsirara take zuwa. Sai an saya mata madubi, da ƙafafu, da sauran tarkace. Ya yi mako uku yana karatu a intanet, kansa ya ɗaure. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce:

"Baba, duk garin nan ban san wanda ya san madubi kamar ka ba. Da za ka raka ni ka zaɓa mini."

Shekara bakwai ke nan da ritayata, ba wanda ya sake tambayata komai a kan madubi. Jimlar da na shirya ta bi iska. Na ji bakina yana tambayarsa nisan da yake son ya riƙa aunawa.

Washegari muka je shagon sayar da bindigogi. Girmansa ya kai rabin kasuwar unguwarmu, kawunan barewa a bango, mutane na tura kwando da 'ya'yansu kamar sun zo sayen sabulu. Ni da na taso inda ganin bindiga ke sa a watse, sai na ga wani tsoho yana juya wata a hannu yana hira da matarsa a kan abincin rana. Wadda ta tarbe mu wata dattijuwa ce mai furfura da tabarau a rataye a wuya, Madam Linda. Ta tambayi Mansur irin bindigar da irin harsashinta, ta fara jero kaya a kan tebur. Ƙafafu biyu masu naɗewa da ake ɗaura wa gaba, zobba biyu da ke riƙe madubi, maratayi, jaka, sandar goge ciki da man ta, 'yar jakar yashi da ake tallafe gindin bindiga da ita, da abin toshe kunne. Duk wannan na bar su su yi, ina tsaye hannu a baya, ina jiran a zo fagena.

Da ta fito da madubai na ɗauki ɗaya na leƙa, sai na ga layukan da na sani, na tsaye da na kwance, da 'yan ɗigo-ɗigo na awon kusurwa. Kamar na haɗu da tsohon abokin aiki a ƙasar waje. Na shiga yi wa matar nan lacca da Turancina na ofis, yadda ake gane nisa daga kusurwa, yadda zafin rana ke sa hoto rawa. Ta saurara da haƙuri, har ta ce na fi yawancin masu zuwa wurinta sani. Wannan kalma ita ta ƙarasa ni. Ta ba da shawarar wani matsakaici, ta ce ga mai koyo da zai riƙa harbi a yadi ɗari zuwa ɗari uku ya isa har ya yi yawa. Na ture shi na nuna wani da ke cikin gilashi, tsawonsa ya kai damtsena, bakinsa kamar kofin shayi. Ta ce yana da nauyi kuma na masu gasa ne. Na ce a aikinmu ba a taɓa yin nadamar babban madubi ba. Mansur ya kalli takardar da ke maƙale a jikinsa, ya ce yadda Baba ya ce. Na ƙara masa da 'yar kwalbar ruwa mai kumfa ta daidaita kwanciya, wannan kam na san amfaninta.

Muna shirin tafiya Madam Linda ta tambayi Mansur ko akwai yara a gidan, kuma ina yake ajiye bindigar. Ya ce a kwali, a sama, inda hannunsu ba ya kaiwa. Ta cire tabarau ta ce yara suna girma, kuma sun san amfanin kujera. Ta nuna masa layin akwatunan ƙarfe masu lamba. Ya ce sai wani zuwan. A nan ne ya kamata in buɗe baki, ga ƙofa an buɗe mini har ƙasa. Sai na juya ina gwada wata hula mai launin ganye. Har na saye ta.

Da muka koma Bilkisu ta ga ledoji. Ta same ni a ɗaki ta tambaya ko mun yi maganar. Na ce mun fara, irin wannan a hankali ake bin ta. Ta dubi hular da ke kan gado, ta fita.

Asabar ta gaba muka nufi Summerfield, arewa da gari, inda gidaje ke da filaye da dawakai a cikin shinge. Wani dattijo ne da suka taɓa aiki tare da Mansur, Mista Roy, yake da gona a can, ya tara tudun ƙasa a ƙarshenta don harbi. Shi ya koya wa Mansur wannan sha'awa. Ya tarbe mu da kofi, ya ga madubin ya yi fito, ya tambaya ko farin wata muke shirin harbowa daga sama. Wajen ɗaura madubin kam na yi rawar gani. Na kafa kwalbar kumfa, na sa aka sassauta zobba aka juya shi kaɗan har layin ya tsaya cak. Mista Roy ya leƙa ya ce shekara da shekaru yana wannan abu bai taɓa ganin an daidaita shi da sauri haka ba.

Mansur ya kwanta rub da ciki a kan tabarma, ya buɗe ƙafafun bindigar, ya daɗe yana numfashi, ya harba. Ko da abin toshe kunne sai da na ji ta a ƙirjina. Ya yi biyar, aka murɗa madubi, ya sake biyar. Muka taka zuwa takardar, ramukan sun taru wuri ɗaya, tafin hannu zai rufe su. Ban taɓa ganin fuskar yaron nan a sake haka ba.

Sai suka ce in gwada. Da na ce a'a da ba wanda zai ga laifina. Na tattare riga na kwanta. Mista Roy ya durƙusa kusa da ni yana bayani yana nuna kafaɗarsa, yana nuna ido, yana ware yatsu huɗu. Kunnuwana a toshe, Turancinsa kuma na can ƙasan maƙogwaro, amma na yi ta gyaɗa kai, don ban ga abin da manomi zai koya mini a kan leƙa madubi ba. Daga baya na ji abin da ya ce: in danne gindin bindigar a kafaɗa sosai, in bar tazarar yatsu huɗu tsakanin idona da madubin, don tana tokarowa baya. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya ina manna ido a jikin gilashi. Ya ja ni baya sau ɗaya, yana ɗauke hannu na sake matsawa. Na ga takardar ta yi rawa ta tsaya, na ja kunamar bindigar.

Abin da na sani shi ne wani farin haske, sai kuma na ga sama da ganyen itace. Bakin madubin da na zaɓa da hannuna ya sare ni a gira. Jini ya rufe mini ido, ya sauka a kan sabuwar hula. Mansur na ta salati yana danna mini hankici, Mista Roy ya fara zare sakatar bindigar kafin ya zo kaina. Da ya ga raunin ya ce wannan sara kusan kowane maharbi yana da irinsa, sai dai yawanci suna samunsa ne suna samari. Na tambaya ko na sami takardar. Suka dubi juna. Ba a ga inda harsashin ya shiga ba, amma sun tabbata yana cikin tudun.

A teburin kicin Bilkisu ta wanke raunin da la'asar. Ta kori yara sama, Mansur ya kori kansa. Ta haɗa bakin ciwon da siraran filasta, ba ta kuma tambaye ni yadda aka yi ba. Ni na fara, na ce mata ban yi maganar ba, ko kalma ɗaya. Ta ce ta sani tun ranar hula. Sai ta tuna mini zuwansu gida na ƙarshe, ranar da suka je gaida kakarta a ƙauye, aka yi ta harbi a gabansu a hanya, ta kwanta a kan Hanan a ƙasan mota har aka daina. Na san labarin, amma ban taɓa jinsa daga bakinta ba.

"Baba, ba alƙalanci na kira ka ka yi ba," in ji ta. "So nake a ce akwai mutum ɗaya a gidan nan da ya san irin ƙarar da nake ji in na ga kwalin nan."

Ciwon gira ya zama wasa a kan wannan.

Washegari na ce wa Mansur ya kai ni shagon mutumin Maraɗi. Da ya tsaya a wurin ajiye motoci na ce kada ya kashe injin, don ban san yadda zan yi maganar cikin shiru ba. Ina kallon gaba yana kallon gaba na faɗa masa duka, har da cewa aiko ni aka yi tun daga Gusau na ɓuge da zaɓen madubi. Sai ya ce shi ma yana cikin motar a ranar harbin nan na hanyar ƙauye, shi ke tuƙi, kuma tun daga lokacin ko tayar mota ta fashe sai jikinsa ya ɗauki rawa. Ranar da Mista Roy ya fara kai shi gona ne ya ji ƙarar nan kuma ya san daga ina ta fito, ya san lokacin da za ta fito. In ya kwanta yana auna takarda, a nan ne kawai kansa ke yin shiru. Na tambaye shi ko ya taɓa faɗa wa matarsa haka. Ya ce a'a. Na ce to ni ba ni ne mai buƙatar ji ba.

Abin da suka tattauna ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san ba a sayar da bindigar ba, kuma ranar Laraba mu uku muka koma shagon bindigogin. Madam Linda ta ga filastar ta dubi Mansur, ta sake dubana, ba ta ce ai na faɗa muku ba, ta ce dai madubin mai kyau ne. Bilkisu ta wuce kai tsaye layin akwatunan ƙarfe. Ta buɗe wannan ta rufe wancan, ta tambayi kaurin ƙarfe, ta tambayi abin da ke faruwa in batir ya mutu, da yadda ake ɗaure shi a ƙasa. Ba wanda ya nemi shawarata, ni ma ban bayar ba. Sharaɗin da suka yi shi ne harsasai su zauna a gonar Mista Roy, bindiga ta zauna a akwati a gareji, lambar kuma ita kaɗai za ta san ta. Duk Asabar da yake son fita sai ya zo ya roƙa.

Kwana biyu bayan haka wasu ƙarti biyu suka kawo akwatin, suka huda simintin gareji suka ɗaure shi. Mansur ya goge bindigar ya jingina ta ciki, da ƙaton madubina a kanta, da ƙyar ƙofar ta rufu. Bilkisu ta buɗe 'yar takardar bayani, ta ce wa mijinta ya juya ya fuskanci bango za ta sa lamba. Ya juya ba musu. Ni kuma na gyara tsayuwa a bayanta, hannu a baya, ina leƙe ta saman kafaɗarta, a matsayina na uba kuma baƙo. Ta ɗago ta dube ni.

"Baba, har da kai."

Na taka na je na tsaya kusa da surukina, kafaɗa da kafaɗa, muna kallon tsintsiya da tsohuwar tayar keke, akwatin yana 'yar ƙararsa a bayanmu har ta gama.